Loma Daga Hannun Manjo

Kwana biyar ke nan mahaifina bai sa komai a bakinsa ba sai ruwa, ruwan ma kurɓa biyu ya ture kofin. Ba wai abincin ne ba ya shiga ba, shi ne ya ƙi. Lissafin nasa irin na tsohon soja ne: in babu abin da ya shiga, babu abin da zai fita, in kuwa babu abin da ya fita, ba wanda zai ƙara toshe hanci a kansa.

Wata biyu kafin nan likitoci suka yanke masa wani sashe na hanji, suka fito da bakin hanjin ta gefen cikinsa na hagu, ja wur kamar ɗanyen nama. A kansa ake manna wata jakar roba, duk abin da mutum ke shiga bayan gida ya yi, shi a nan yake taruwar masa, ba sallama ba neman izini. Wannan fa mutumin da unguwa duka ke kira Manjo ne, wanda muna yara in ya yi gyaran murya a falo sai kowa ya nemi abin yi.

Ni ce 'yarsa mace tilo, kuma zan faɗi gaskiya tunda ba a gabansa nake ba: ƙyamarsa nake yi. Warin ɗakin nan ba irin na masai ba ne da ka sani ka saba. Yana da wani zaƙi-zaƙi a ƙarƙashinsa, ya kama labule, ya kama katifa, ya kama ɗankwalina har in koma gidana ina jinsa a matashin kaina. Kafin in shiga sai na dangwala man zafi a ƙarƙashin hancina, in ajiye faranti, in ce sannu Baba, in fito da baya. Ina tsammanin bai lura ba. Mutumin da ya yi shekara talatin yana duba maɓallin rigar ƙananan sojoji, wai shi ne ba zai lura ba.

Yayana kuma, Allah ya ba shi lafiya, dattijo ne a ikkilisiyarmu, kuma in ya hau bagadi yana wa'azi a kan tawali'u har mata kuka suke yi. Kullum da yamma yana zuwa ya tsaya a bakin ƙofar Baba, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a baranda, da hankici mai turare a hannu wai gumi yake sharewa, ya yi addu'a mai tsawo da murya mai kauri. Daga bakin ƙofar nan ya kori ciwo, ya ɗaure Shaiɗan, ya saki albarka. Abu ɗaya ne ban taɓa ganin ya yi ba, wato ya taka zuwa gadon.

Amma kar in ci haƙƙinsa, ya yi aiki ɗaya. Ranar da aka sallamo Baba, Yaya ya sayo kwali guda na jakunkunan. Kowace jaka tana da faifai mai gam a bayanta, wanda ake yanka wa rami a tsakiya daidai girman bakin hanjin. Nas ta ba shi awon a takarda. Yaya mutum ne mai son tsari, sai ya zauna a teburin cin abinci da biro da almakashi, ya yanke su gaba ɗaya a zama ɗaya, ya jera su a kwalin, ya kira mu mu gani. Ya ce yanzu ko makaho zai iya canza wa Baba.

Makon farko lafiya lau. Daga nan jakar ta fara yoyo. A manna da safe, kafin rana ta yi tsaka abin ya bi ta ƙarƙashin gam ya fito, ya ɓata riga, ya ɓata zanen gado. Fatar da ke kewaye ta saɓule ta yi ja tana ruwa. Matar da muka ɗauka ta kula da shi ta yi kwana tara Baba ya jefe ta da kofi, ta tafi. Ta biyun ba ta jira kofi ba. Sai ya rage ni, ina canzawa da safar hannu biyu-biyu, fuskata a juye, ina riƙe numfashi har idona ya kawo ruwa. Ranar ƙarshe da ya ci abinci, ina cikin canzawa zuciyata ta tashi, na ruga waje na bar shi a buɗe. Da na dawo ya ja bargo ya rufe kansa da kansa, ya juya ga bango.

Likita ya zo ranar Juma'a ya ce in Litinin ta yi bai ci ba, za a mai da shi asibiti a zura masa roba ta hanci. Baba ya ce su zura, hannunsa na aiki, zai zare. Duk wanda ya san Manjo ya san ba cika baki yake ba. Ga shi ya rame har zoben aurensa ya zame ya faɗi a gado.

Da na koma gida na ba maigidana labari, yana zaune a kan keken ɗinki yana kafa aljihu. Ya tsayar da ƙafarsa ya ce, “Gobe zan bi ki.”

Dariya na yi, mai ɗaci. Maigidana tela ne, kuma mutum ne da ko kifi ba ya iya wankewa. Lokacin da 'yan biyunmu ke jarirai, in na ce ya riƙe min ɗaya in canza wa ɗayan, sai ya riƙa kakarin amai kamar mai sabon ciki. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, Baba ya tsane shi. Ranar da ya fara zuwa gaishe shi a kan maganata, Baba ya bar shi tsaye a tsakar gida cikin rana, sannan ya aiko masa da wando ya rage masa tsawo. Ya rage kuwa, ya ninke ya mayar. Shekara goma sha tara muna da aure Baba bai taɓa ce masa zauna a kujerar falo ba, bai taɓa kiran sunansa ba. Allura yake ce masa. A gaban baƙi ya taɓa cewa 'yarsa ta tsallake hafsoshi ta auri namijin da ke wuni yana taka keke yana zaɓa wa mata leshi. Maigidan ya yi murmushi ya ce, “Haka ne, Baba.”

Da farko wannan haƙurin ne ya ja ni gare shi. Daga baya shi ne ya riƙa ƙona min rai. Sau nawa nake cewa a zuciyata, wannan mutum ba shi da zuciya ne? Ko kare ka taka wutsiyarsa ai ya yi gurnani. Har ni ma, abin kunya, in raina ya ɓaci sai in ji Allura ya zo min baki.

Na ce masa, “Baban biyu, ka je ka yi me? Ka suma in rasa wanda zan ɗauka?”

Ya ce, “Kin ce tana yoyo. Ina son in ga inda take yoyon.”

Da safiyar Asabar ya rufe shago, ya biyo ni da tef ɗin awo a wuya da ƙaramin almakashinsa mai lanƙwasa, wanda ya sa na tafasa masa a tukunya. Na miƙa masa man zafi a baranda. Ya duba, ya girgiza kai, ya tura ƙofa. Warin ya fito ya tarye mu. Na ga kafaɗarsa ta ɗan motsa, shi ke nan, ya shige.

Baba ya buɗe ido. “Wa ya kira Allura?”

“Ba kowa, Baba. Ina kwana.”

“An ce maka akwai ɗinki a nan? Fita.”

Maimakon ya fita sai ya durƙusa a gaban gadon, gwiwa biyu a ƙasa, a kan daɓen da ni ko da takalmi ba na son takawa. Ya ce, “Baba, ka yi haƙuri in ɗaga rigar.” Baba ya kai masa duka. Ba ƙarfi a hannun, amma ya same shi a kunne. Maigidan ya jira har hannun ya sauka, sannan ya ɗaga rigar, ya fara ɓare jakar a hankali yana danna fatar da ɗan yatsa. Yana gama cirewa, ɗan abin da ya rage a cikin Baba ya tsarto, ruwa-ruwa, baƙi-baƙi, ya sauka masa a gaban riga da wuyan hannu, ɗigo ɗaya har a haɓa. Ni da ke bakin ƙofa sai da na dafe bango.

Baba ya yi wata dariya marar daɗin ji. “To, ka samu abin da ka zo nema. Yau ka ga ƙarshen Manjo. Je ka shagonka ka ba matan labari.”

Maigidan ya goge haɓarsa da kafaɗa. Ya zare tef daga wuyansa ya ce, “Baba, ɗan riƙe min bakin nan. A'a, nan, kusa da cibiya. Kar ka motsa.”

Ban san ko mamaki ne ya kama Baba ba, ko kuwa jikinsa ne ya tuna yadda ake bin umarni, sai ga shi ya riƙe. Maigidan ya wanke wurin da ruwan ɗumi da auduga, ya busar, ya auna tsaye ya auna kwance, ya zana a bayan kwali da alli. Sannan ya ɗauko ɗaya daga jakunkunan Yaya ya kara. Ko daga inda nake na ga tazarar. Ramin ya fi bakin hanjin faɗi da kusan kan yatsa ta ko'ina, duk abin da ya fito a kan fata yake fara sauka kafin ya shiga jaka.

Ya sa na kira nas ɗin a waya. Ta ce ai ta gaya wa Yaya tun a asibiti, bakin hanji a kumbure yake bayan aiki, yana ta raguwa har makonni, dole a riƙa aunawa kafin a yanka. Ta ce, “Kar dai ku ce min duka ya yanke.” Na ce duka. Ta yi tsaki ta ce mu duba ledar sallama, akwai guda uku da asibiti ke bayarwa. Suna nan kuwa a ƙasan durowa, ba wanda ya taɓa.

“Ni ko wanda na ɗinka wa bara ne ya dawo, sai na sake auna shi,” in ji maigidan, yana yanka a hankali, harshensa a gefen baki kamar yadda yake yi in yana fitar da wuyan riga. Ya shafa gefen ramin da yatsa kar ya zama da kaifi, ya barbaɗa hodar da nas ta ce, ya manna, ya ɗora tafin hannunsa a kai ya riƙe. Ya daɗe a haka, hannunsa a kan cikin surukinsa, rigarsa na ɗoyi. Baba yana kallon silin.

Abin da na ji a lokacin ba godiya ba ne, haushi ne. Na ce wato duk shekarun nan ƙarya yake min, ya bar ni da kashin jarirai biyu ni kaɗai. Da ya kwashe tsummokaran ya fita, na bi shi in gaya masa haka. A bayan tankin ruwa na same shi, a sunkuye, hannu ɗaya a bango, yana amai kamar zai fitar da hanjinsa. Ya yi har ba abin da ke fita sai ruwa mai ɗaci.

Na tsaya a kansa, maimakon sannu sai faɗa ya zo min. “Wa ya aike ka? Mutumin da ya mai da kai abin dariya shekara goma sha tara, yau ma ya mare ka, kai kuma ka durƙusa masa cikin kashi. Kai ba ka da zuciya ne? Ko ka manta?”

Ya kurkure baki ya tofar. “Ban manta ko ɗaya ba, Maman biyu. Har launin wandon nan ina tunawa.”

“To me ya sa?”

Ya zauna a kan bulo yana maida numfashi. “Kunya ce za ta kashe shi, ba ciwo ba. Shi bai taɓa ɗaukarta ba, bai san ta inda ake kama ta ba. Ni kuwa a gidan nan na koya.” Ya duba rigarsa. “Kuma kowace Lahadi muna tsayawa mu rera cewa Yesu ya ɗauki ƙazantarmu. Ni dai ban taɓa jin an ce daga bakin ƙofa ya ɗauka ba. Samo min wata riga, don Allah, kar ya ga na daɗe.”

Jakar ta wuni ba ta yi yoyo ba. Ta kwana, gari ya waye zanen gado a bushe. Na yi zaton an gama, na dafa shayi na kai. Baba ko kallon farantin bai yi ba.

Ranar Lahadi bayan sujada muka hallara. Yaya ya zo da kwat ɗinsa, ya kama wurinsa na kullum a bakin ƙofa. Da na gaya masa maganar ramin, cewa ya yi ai nas ɗin ba ta yi bayani sosai ba, ya wuce zuwa addu'a. Maigidan yana zaune a ƙasa kusa da gadon da zare da allura, yana ɗinka wa jakar riga da wani yadi mai laushi, wai don kar robar ta riƙa manne wa Baba a cinya, kuma kar ya riƙa ganin abin da ke ciki. Na shigo da shayi da burodi, man zafina a hanci, na ajiye a kan kujera. Gobe Litinin, kowa ya sani.

Yaya na cewa amin, Baba ya yunƙura ya jingina da matashi. Ya miƙa hannu ya gutsuri burodin. Ya tsoma a shayi, amma bai kai bakinsa ba, sai ya miƙa wa Yaya.

“Zo ka ci.”

Yaya ya dubi hannun. Hannun nan ne Baba ke wuni yana shafa gefen jakar da shi, yana duba ko ta jiƙe. Yaya ya gyara tsayuwa ya ce, “Ai Baba azumi nake yi, saboda kai ma nake yinsa.” Da idona na ga mutumin nan yana cin biskit a mota.

Baba ya juyo da hannun wajena. Shayi na ɗiga ta tsakanin yatsunsa. Na ga farcensa ya yi tsawo, a ƙarƙashin na babban yatsa akwai wani abu ruwan ƙasa. Ko maganin da ake shafa masa ne, ko wani abin ne, har yau ban sani ba. Mutumin nan shi ya koya min cin abinci da hannuna, a cinyarsa nake zama yana ba ni a baki. Na san abin da yake tambaya, na san abin da amsata za ta jawo. Duk da haka na ji bakina yana cewa, “Na ƙoshi, Baba. Kai dai ka ci.”

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda aka kawo wa rahoton da dama ya san abin da ke ciki. Ya fara sauke hannun. “Kwashe kayanki.”

“Baba, ni ba a ba ni?”

Maigidan ne, daga ƙasa. Baba bai miƙa masa ba tun farko, don ko a lissafi bai sa shi ba. Ya dube shi ya daɗe.

“Kai?”

“Tun safe ban karya ba. Ga hannuna da allura.” Ya ɗaga yadin ya nuna, sannan ya matso da gwiwa ya buɗe baki kamar yaro.

Baba ya sa masa lomar. Yatsun nan har sun taɓa leɓensa. Ni da na san bayan tanki, na ga abin da sauran ba su gani ba: jijiyar wuyansa ta miƙe, idonsa ya kawo ruwa, maƙogwaronsa ya yi sama ya tsaya. Ya tauna. Ya haɗiye. Sannan ya ce, “'Yarka dai har yau ba ta iya sa sukari ba. Ɗanɗana ka ji, Baba, kar a ce sharri na yi mata.”

Baba ya sake gutsura, ya tsoma, ya tsaya yana kallon lomar. Ya kai bakinsa. Ya daɗe yana taunawa, hawaye na bin gefen hancinsa yana shiga gemu, bai share ba.

“Ba sukari,” in ji shi. Ya sake gutsura, ya raba biyu, ya miƙa rabi ƙasa. Sannan ya ɗago ya dube ni, ya dubi Yaya, ba da fushi ba, da ma fushin ne da ya fi min sauƙi. Ya ce, “Ku je. Ki ja mana ƙofa.”

Na ja musu ƙofa. Muka tsaya a baranda ni da Yaya, shi da hankicinsa ni da man zafina, yana gaya min cewa ka ga amfanin azumi ke nan. Ni kuwa ban ga da me na fi shi ba. Duk ƙyamar da na yi wata biyu ina yi wa ɗakin nan, a wannan tsayuwar ta juyo kaina, kuma wannan ba ta da man da ake shafawa. Na sa bakin zane na goge hancina har ya yi zafi. Ta cikin ƙofa ina jin ƙarar cokali a kofi, da muryar Baba yana cewa Allura ya ƙara masa.

Ba a mai da shi asibiti ba. Ya ƙara shekara ɗaya da wata huɗu a duniya, yana ci yana faɗa, maigidan na zuwa duk bayan kwana uku da tef da almakashi, yana fita bayan tanki in ya gama. Na koyi aunawa, na koyi yankawa, na daina shafa komai a hanci. Sau da yawa nakan kai abinci in zauna a bakin gadon in ƙi tashi, ina kallon hannunsa, ina jira. Yakan ce sannu da aiki, ya ci abinsa. Bai ƙara miƙa min loma ba.